Rijiyar Mai Jirgi

Litinin, 5 ga Mayu

Kai littafi, tunda ba ka da bakin gardama, karɓi wannan: tsuntsu ne ba gashi, a sama bai taɓa faɗuwa ba, a ƙasa kuwa ko tabarma ya taka sai ya yi tuntuɓe. Mene ne? Kada ka wahalar da kanka. Amsar tana falo tana shan shayi da baƙi, kuma yau ba ma magana da ita.

Jikata 'Yar Tsiwa ce ta kawo min kai da ta zo hutu daga jami'a. Wai, "Kaka, ki riƙa zuba wa takarda mitarki, kunnuwanmu su huta." Marar kunya. Rubutuna na 'yar firamare ne, to wa zai duba?

Bari in faɗa maka inda ka faɗo. Mai Jirgi, wanda aka haɗa ni da shi tun kaina ba furfura, ya yi shekara talatin da wani abu yana tuƙa jirgin soja, ni ina ƙasa da yara ina sauraren sama. Duk ƙarar da ta wuce sai in ajiye ludayi. Ranar da ya tuɓe kaki na ce to, Allah ya dawo min da kayana. Ashe aro aka ba ni. Bai gama hutawa ba aka zo aka zuga shi, ga shi yau ɗan majalisar jiha, wai Onarabul. A da sama ke ɗauke min shi. Yanzu yana cikin gidan, amma sai na bi layi.

Falona ya zama tasha. Kujerar da nake miƙe ƙafa a kai, wani ƙato ya karya mata hannu. Kofunana masu bakin zinariya, na aurena, yau aka fasa wani. Na yi magana, ya ce, "Za a duba." Za a duba! Ni yake yi wa yaren majalisa.

Farkon watan gobe wakilan jam'iyya za su zaɓi wanda zai sake tsaya musu. Kowa a gidan nan addu'a yake. Ni ma ina yi. Ban dai ce wace iri ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Yau ma ya zagaya mota kafin ya shiga. Ya daki taya da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashi, ya shafa fitila. Direba na tsaye yana kallon sama. Haka yake yi wa jirgi, haka zai yi wa mota har ya mutu. Da zai samu dama ni ma da sai ya zagaya ni kowace safiya.

Wannan mai sauƙi ne. Babbar cutar ita ce bita. A wajen aikinsu, in an sauko daga sama, sai a shiga ɗaki a rufe ƙofa, kowa ya bar girmansa a waje kamar takalmi, babban cikinsu ya fara faɗin kuskuren da ya yi, sannan na ƙasa su biyo. To wannan abin ya kwaso ya kawo min gida. An dawo daga asibiti, bita. An aurar da yarinya, bita. Akwai ranar da tukunya ta ƙone ya tara mu, ya ce, "Ni zan fara. Na ji ƙauri ban yi magana ba." Yara suna ƙunshe dariya. Aka zo kaina na ce kuskurena ɗaya ne, kuma yana zaune a gabana.

Asabar, 10 ga Mayu

Wani baƙo ya tafi da silifas ɗina, ya bar min nasa, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.

Talata, 13 ga Mayu

Rediyo ya shigo min har kicin yau. Shi ne mai kula wa Mai Jirgi da harkar siyasa, sunan nan kuwa ni na raɗa masa, don ba ya mutuwa sai an cire batir. Amma yau muryarsa can ƙasa.

"Hajiya, ki taimake ni, ki taimaki kanki."

Na ce kaina lafiyarsa ƙalau.

Wai ranar Lahadi akwai babban taro da wakilai da mutanen mazaɓa. Ya rubuta wa maigidan jawabi mai kyau, makarantu kaza, magani kaza. Mai Jirgi ya karanta, ya ninke, ya miƙa masa, ya ce shi bita zai yi. Zai tsaya gaban jama'a ya faɗi inda ya kasa a shekarun nan.

"Hajiya, siyasa ce fa! Wa ya taɓa kai kansa kasuwa yana cewa kayana ruɓaɓɓu ne? Ga Mai Turare can yana jira." Mai Turare shi ne mai neman kujerar. Sau ɗaya ya zo gidan nan gaisuwa, kwana biyu labulena na atishawa.

Na ce, "Ɗan nan, ni da ban iya hana shi dukan taya ba?"

"Maganarki kaɗai yake ji. In ya yi wannan abin, wallahi kujerar ta tafi."

Ta tafi. Na juya miya a hankali don kada ya ga fuskata. Na ce zan yi masa magana. Ban yi ƙarya ba. Magana ai iri-iri ce.

Juma'a, 16 ga Mayu

Mata ba sa zama a falo, kicin suke biyo ni, shi ya sa na fi Onarabul sanin mazaɓarsa. Tun bara suke min kukan rijiya. Ya haƙa musu rijiyar burtsatse, da tanki da famfo, abu mai kyau. Sai dai ya haƙa ta a ƙetaren kwazazzabo. Gidaje na wannan gefe, ruwa na wancan. Mace ta gangara da bokiti, ta hau, ta cika, ta sake gangarawa, ta sake hawa. Da damina kuwa sai kallo daga nesa.

Ka san yadda aka yi? A taswira ya zaɓi wurin. Ya shimfiɗa ta a tebur, ya sa rula, ya ɗiga biro a tsakiya cif. Mutumin da ya saba kallon duniya daga sama, ai shi ko'ina kusa ne. Rami da tudu duk ɗaya. Maza ba su faɗa masa ba, don ba su ke ɗiban ruwan ba, kuma ranar buɗewa ta bayan gari aka zagaya da shi a mota.

Da rana na same shi yana shirya abin da zai faɗa. Rufin makaranta da ya yi jinkiri, zaman majalisa da ya rasa. Ƙananan abubuwa, irin waɗanda za a yafe. Na ajiye masa shayi, na ce, "Ranka ya daɗe, ban ji rijiya ba."

"Me ya sami rijiya?"

Na zayyana masa tas. Har da kwatanta tafiyar mai ciki da bokiti, na dafa ƙugu ina nishi. Na ɗauka zai yi dariya. Bai yi ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona.

"Tun yaushe kika sani?"

Na ce tun da aka fara ba ni kujera a majalisar kicin.

Ya ce, "Da ita zan fara."

Na fito ina rawar kafaɗa. Rediyo ya tare ni a ƙofa, "Kin yi masa maganar?" Na ce sosai ma.

Lahadi, 18 ga Mayu

Sun dawo. Shi ya shigo tsaf kamar wanda ya sauke kaya, har yana neman abinci. Rediyo ya zauna a dakalin ƙofa ya dafe kai. Ba sauti. An cire batir.

'Yar Tsiwa ta nuna min a waya. Ga shi tsaye ƙiƙam, hannu a baya, kamar ana faretin safe. "Ni ne babba a nan, ni zan fara. Rijiyar unguwar kwazazzabo, ni na zaɓi wurin, ban taka da ƙafata ba. Iyayenmu mata sun sha wahala. Laifina ne." Daga nan ya yi shiru yana jiran na ƙasa su biyo, kansila ya faɗi nasa, ciyaman ya faɗi nasa. Wayyo. Kowa ya sunkuya yana duba takalminsa. Can wani ya yi tari.

Na yi dariya har da hawaye. 'Yar Tsiwa ta ce, "Kaka, ba abin dariya ba ne fa." Na ce ki bari ki shekara arba'in da shi tukuna.

Laraba, 21 ga Mayu

Yaran Mai Turare sun yanko kalma biyu daga jawabin, sun haɗa da kiɗa, sun ɗora lasifika a kan mota. Laifina ne, dum dum, laifina ne, dum dum. Muryarsa ce sak. Tun safe motar ke zagaye, ta wuce ƙofar gidan nan ta dawo, direban har rage gudu yake.

Kiɗan kuwa, tsakani da Allah, yana da daɗi. Na kama ƙafata tana bi.

Shi ko a jikinsa. Ya ce ai gaskiya suke yaɗawa, kuma kyauta.

Alhamis, 22 ga Mayu

Falo ya ragu da rabi. Na miƙe ƙafa a kujerata tun bayan azahar ba wanda ya ce "Hajiya a ɗan matsa." Kai, duniya da daɗi.

Waɗanda suka daina zuwa su ne masu cin abinci da yawa. Na lura.

Litinin, 26 ga Mayu

Na je kantin magani karɓo na ƙafata, 'Yar Tsiwa ta raka ni. Layi. Wani mai ƙaton ciki a gabana, ya zubar da canjinsa a ƙasa, sai ya ɗaga hannu ya ce "Laifina ne!" da irin muryar. Kanti ya ɗauki dariya. Wani ya ce ai sojan nan ƙarar jirgi ta taɓa masa kai. Wani ya ce a'a, tsufa ne, a mayar da shi gida matarsa ta riƙa dama masa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Kai mai ciki, tunda ka iya faɗa, ci gaba mana. Wannan tulun da ka ɗauko a gaba laifin wa ne?" Aka koma kansa da dariya. Na karɓi maganina na fito.

A hanya yarinyar nan sai kallona take ta gefen ido.

"Kaka, na ɗauka so kike ya faɗi."

Na ce ina so mana. Amma ni ce da lasisin zaginsa, ban ba kowa aro ba.

"Hmm," in ji ta. Wannan hmm ɗin gadon uwarta ne, a bakin uwar ma ban taɓa son jin sa ba.

Laraba, 28 ga Mayu

Ruwan sama tun safe. Ina jin sa a kwano sai tunanin kwazazzabon nan. Me ya dame ni da shi? Famfona na kawo ruwa.

Asabar, 31 ga Mayu

Ciyaman na jam'iyya ya zo da kansa, da babbar riga da 'yan rakiya. Na kai shayi, na kuma daɗe ina goge tebur ɗin da ba ƙura. Abin da kunnena ya tsinto:

"Onarabul, abu mai sauƙi. Ka fito ka ce injiniya ne ya ba ka shawarar banza. Yaron ba shi da kowa, gobe an manta. Wakilai neman hujja kawai suke su dawo gare ka."

"Injiniya ya ce min mu je mu gani. Ni na ce ba lokaci."

"To wa ya sani?"

"Ni."

Ciyaman ya juyo gare ni yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Hajiya, wai haka kike fama?" Na ce ranka ya daɗe, kai yau ka fara.

Da za su tafi na ji ya ce wa Rediyo a bakin mota, "Mutumin kirki ne, amma ba a cin zaɓe da shi." Rediyo ya rufe masa ƙofar mota.

Bayan tafiyarsu Mai Jirgi ya shiga kicin ɗina ya ɗauki bokitina, babban shuɗin nan. Na ce ina zuwa? Ya ce zai auna. Mutumin da gwiwarsa ke ƙara in zai zauna! Ya tafi, ya gangara kwazazzabon nan cikin taɓo, ya cika bokiti, ya ɗauko. Direba ya ce a hawa na biyu santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas, ruwan ya bi ta kansa. Mata suka yi ca, wasu na sannu, wasu na toshe baki. Ya tashi ya koma ya sake cikawa.

Ya dawo min kamar an tono shi. Bokitin ya tsage. Ya ce, "Bututu za a ja ya ƙetaro, a sa famfo a wannan gefen. Na ga inda zai bi." Na ce bokitina fa? Ya ce za a duba.

Tabbas an ɗauki hoton faɗuwar. Gobe za mu ji ta da kiɗa.

Talata, 3 ga Yuni

An fara haƙan bututu. Ya ce ba za a gama kafin zaɓen ranar Asabar ba, ko rabi ba za a kai ba. Rediyo ya roƙe shi a ce an gama. Ka san amsar.

Da la'asar ina shafa masa man zafi a gwiwa, falo ba kowa sai mu. Rabon da mu zauna haka har na manta. Abin da nake nema ke nan, ko? To sai ga bakina yana cewa, "Ka kira ciyaman mana. Ba sai ka ce injiniya ba. Ka ce dai... ka ce wani abu. 'Yan siyasa ba sa rasa wani abu."

Ya dube ni. "Ke ce kuwa?"

Na ce gwiwarka nake ji, ba kai ba.

Sai ya ce ko na tuna Dogo. Ina zan manta Dogo? Abokinsa, maƙwabcinmu a bariki, mai dariya kamar ana tuƙa babur. Ni na riƙe wa matarsa jariri ranar da aka zo da labarin rasuwarsa. An ce mana jirgi ne ya samu matsala wajen sauka, shi ke nan abin da aka ce.

Ya ce kwana ɗaya kafin nan wani babbansu ne ya tashi da jirgin. Ya sauko da shi da ƙarfi, ya ji wani abu ya amsa a ƙafar jirgin. Aka shiga bita, ya ji kunyar yara, ya ce komai lafiya. Da safe Dogo ya ɗauka.

"Ina cikin ɗakin," in ji shi. "Na ga saukar. Na ga ya yi shiru, ni ma na yi shiru, don ya girme ni."

Shekara nawa, bai taɓa faɗa min ba. Na ci gaba da shafa gwiwar da ta riga ta sha mai.

Can ya ce, "Hasumiya." Haka yake kirana tun muna yara, wai ni ce dogon ginin nan na filin jirgi mai ba da izinin sauka. Ya daɗe bai kira ni haka ba. "Na san dalilin da ya sa kika tuna min da rijiya. Kin daɗe kina ba ni izinin sauka, ina ta zagaye."

Na ce ni ban san wannan zancen ba.

"Ko ma don me kika faɗa, gaskiya kika faɗa. Mutum ɗari na shiga gidan nan kullum, ba wanda ya faɗa min."

Na ce ɗaga ƙafar, malam, mai na zuba a kujera. Haushi ya ishe ni. Mutum ya kama ka dumu-dumu, maimakon ya yi faɗa a yi ta ta ƙare, sai ya gode maka. Da wa za a yi rigimar?

Juma'a, 6 ga Yuni

Gobe ne. Na goge masa farar rigar da kaina, don mai wanki ƙone wuya yake. Ba wani abu ba.

'Yar Tsiwa ta ce za ta je kallo, ko zan bi ta? Na ce Allah ya kiyaye. Shekarunsa a majalisa ban taɓa taka taronsu ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. Zafi, ihu, warin jiki.

Ta ce to me ya sa na fito da mayafina mai kyau? Na ce iska zai sha.

Lahadi, 8 ga Yuni

Ya faɗi.

Gida tsit. Tun safe ba wanda ya buga ƙofa sai mai kawo burodi. Kofuna na nan inda na jera su. Yana tsakar gida yana zagaya mota, ba inda za shi. Na samu abin da na roƙa, sai a yi min barka.

Jiya na je, to. Ƙafata ce ta matsa, likita ya ce in riƙa tafiya. Muka zauna can baya cikin mata, na ja mayafi, ba wanda ya san ni. Babban ɗaki, fanka na juya zafi. Aka yi ta kiran wakilai suna jefa takarda. Da aka zo ƙirga, tun ana tsakiya na gane, don tulin Mai Turare sai tashi yake, namu kuwa... nasa, nake nufi. Nasa bai taka kara ya karya ba. Rediyo na gefe yana share fuska da hula.

Aka faɗi sakamako, ɗaki ya ɗauka. Yaran can suka saki kiɗan nan, laifina ne, dum dum. Wannan karon ƙafata ba ta bi ba.

Sai na ga Mai Jirgi ya miƙe, da ɗingishinsa, ya nufi abin magana. Aka fara "zai fasa ƙwai," "zai bar jam'iyya." Ciyaman ya so ya tare, bai kai ba. Aka kashe kiɗa don a ji zagi.

Ya juya wajen Mai Turare, ya ƙame, ya ce, "Na taya ka murna. A aikinmu ba a miƙa wa mutum jirgi sai an faɗa masa inda yake ciwo." Ya shiga faɗa masa. Bututun rijiya ya kai bakin kwazazzabo, kada a bari ruwa ya cinye haƙan kafin a binne. Rufin ajin ƙarshe na makarantar gabas yana yoyo ta kusurwa. Ungozomar ƙaramin asibiti ita kaɗai ce, in ta yi ciwo ba kowa. "Kuma duk inda za ka sa abu, ka je da ƙafarka. Ka tambayi mata." Sannan ya sara masa, irin ta soja, ya ce, "Yana hannunka."

Mai Turare ya rasa inda zai sa kansa. Ya ɗaga hannu zai sara, ya fasa, ya kama gyaran hula. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi ihu. Amma layinmu na baya, inda matan unguwar kwazazzabo suke, ba wadda ta yi dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Bututun nan dai a gama shi," kamar mai addu'a.

Ta gefena kuwa wata ce mai ɗaurin kai kamar tukunya, 'yar ɓangaren can, tana taunar cingam. Ta zungure ni da gwiwar hannu. "Ke baba, kin taɓa ganin irin wannan? An kayar da shi yana ba da satar amsa! Wannan wane irin mutum ne, don Allah? Daga ina aka samo shi?"

'Yar Tsiwa ta riƙe min hannu, ta san halina. Na zame. Ban zagi matar ba, ka shaida, littafi. Na dai sauke mayafin daga fuskata, na gyara zama, na ba ta amsa. Yarinyar nan ta rantse wai da ƙarfi na faɗa, har na gaba suka waiwayo, har shi ma ya ɗago daga can. Ƙarya take, muryata ce haka. Ta kuma ce idona ya yi ja. Fanka ce ta watso min ƙura.

Abin da na faɗa wa matar shi ne amsar tambayar da na yi maka ranar farko, sai ka riƙe, ba zan maimaita ba. Tsuntsun nan mijina ne.